Ranar da Farfesa Ya Kashe Tauraro a Aji Biyar

"Yaya, ni fa in na ɗaga kai na kalli tauraro, sai in gaya miki shekarunsa, da ciwon da ke damunsa, da irin mutuwar da zai yi."

Farfesa ke nan, kwance a doguwar kujerar falon yayarsa, wadda ta zama gadonsa da ofishinsa tun ranar da ya dawo daga ƙasar waje. Kada sunan ya ruɗe ka, abokina, shi ya raɗa wa kansa. Aikinsa a can tsaron ƙofa ne a wani gidan kallo, inda ake kashe fitila a haska taurari a jikin rufi, wata murya tana bayani. Shekara da shekaru yana tsaye yana jin muryar nan, har ya haddace ta kaf. Ilimin kam na gaskiya ne. Matsalar guda ce: bai taɓa faɗinsa da Hausa ba.

Mijin Yaya kuwa ya kai bango. "Ko ƙanin nan naki ya samu aiki, ko ya bi ni shago ya riƙa sauke tayoyi. Kujerata ta lotsa."

Yaya ta je ta roƙi mai makarantar da 'ya'yanta suke, ya yarda a gwada Farfesa a aji biyar, a gaban wasu iyaye. In ya burge, ya zama malamin kimiyya.

Ran gwaji Farfesa ya shiga da kwat mai kauri kamar bargo, gumi na bin wuyansa. Mai makaranta ya hakimce a kujerar gaba, ɗan gajere, ƙafafunsa na lilo ba su taɓa ƙasa ba. Yara kuma kowanne an rubuta masa a ƙirjin riga: Tauraron Gobe.

"Da Hausa za ka yi, saboda iyaye," in ji mai makaranta.

"Ko da harshen aljanu ne, Yallabai."

Ya gyara murya. Ya ce tauraro ba faɗowa yake yi daga ko'ina ba, haifarsa ake yi. Wani ƙaton gajimare ne na iska da ƙura, nauyinsa ke jawo shi ya dunƙule, ya matsu, cikinsa ya yi zafi, har ya kama ci da haske.

Wata uwa mai mayafi ruwan toka ta ɗaga hannu. "Malam, wato iska ce ta haife shi?"

"Kin gane, Hajiya! Kowane tauraro da kika gani, ɗan iska ne."

Hajiya ta kalli ƙirjin rigar ɗanta, ta kalli Farfesa.

"Wa kake ce wa ɗan iska?"

"A'a, Hajiya, ba ɗanki kaɗai ba, dukkansu..."

Yaya, can baya, ta ja gyale ta rufe fuska. Farfesa ya ga jirgi na neman nutsewa, sai ya ɗauko daɗin baki.

"Ai waɗannan ƙananan taurari ne. Babban tauraro, mai haske, mai nauyi, ga shi nan zaune." Ya nuna mai makaranta da hannu biyu.

Yallabai ya yi murmushi, ya shafa tumbi. "To, Malam, gaya musu halin babban tauraro."

Nan muryar gidan kallo ta karɓe bakin Farfesa, ba birki.

"Babban shi ke fara mutuwa. Haɗama ke kashe shi. Ci yake ba ƙaƙƙautawa, kafin ƙananan su yi furfura shi ya cinye abin da ke cikinsa ya tarwatse."

Murmushin Yallabai ya sauka kamar an zare masa matoshi. Wani uba ya yi tari don kada dariya ta kuɓuce masa.

Da kai ne, mai karatu, da nan za ka nemi gafara ka kama hanya. Farfesa kuwa ya tuna tayoyi, ya tuna kuma yana da makamin ƙarshe a aljihu: jan balan-balan da ya cika da garin alli tun a gida. Dabarar ita ce ya hura shi ya kumbura, sannan ya sassauta bakin a hankali, garin ya fito laɓa-laɓa, kowa ya tafa.

"Yanzu ga tauraro matsakaici, irin ranarmu. In ya tsufa sai ya kumbura, ya yi ja." Ya hura. "Ya ƙara kumbura." Ya hura. Yara suka fara ihu, kan Farfesa ya fi balan-balan kumbura. Ya matso gaban Yallabai don ya gani da kyau. "Daga nan sai ya zubar da mayafinsa a hanka..."

Fau!

Da ƙurar ta lafa, yara na ƙarƙashin tebura, Hajiya na salati. Mai makaranta ya zamo daga kujera ya tsaya a kan ƙafafunsa, fari fat tun daga hula har takalmi, idanu kawai ke motsi.

Murya a sanyaye ya ce, "Ƙarasa darasinka, Malam. In ya zubar da mayafin, me ke saura?"

Farfesa ya lalubi fassarar sunan da Hausa a kansa, ya juya ta, ya sake juyawa. Babu wata.

"Farin wada, Yallabai."

Uban nan mai tari ya fice da gudu, ana jiyo shi a baranda yana dukan bango.

"Farin wada," in ji Yallabai, yana kaɗa kai, alli na zuba daga girarsa. "Shi kuma me yake yi?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Zama yake yana hucewa a hankali."

"Har tsawon yaushe?"

"Biliyoyin shekaru."

"Madalla. Je ka gida, Farfesa. In na huce zan neme ka."