Wutar Juma'a

Ni ban taɓa zama a aji ba. Ko sunana aka rubuta a jikin kwalekwale, sai in ɗauka ado ne. Amma a tsibirin nan namu, duk wanda ya san Asabar a bakina ya ƙarasa saninta. Tun da masu bishara suka haye kogi suka ce mana ita ce ranar hutu, na riƙe dokar nan kamar ni na haife ta: daga faɗuwar ranar Juma'a ba a jefa taru, ba a daka, ba a hura wuta. Kowa ya ci tuwonsa da sanyi ya gode wa Allah. Bencin gaba a majami'a nawa ne, ni ce uwar zumuntar mata. Wadda na hango hayaƙi a kan rufinta kuwa, in na kai ƙara, sai bencin baya, can bakin ƙofa inda awaki ke leƙe.

To amma haƙorana sun ƙare, cikina kuma ba ya shiri da sanyi. Shi ya sa kowace Juma'a da la'asar nake binne gungumen ƙirya a cikin toka, in ɗora tukunya a kai. Ƙirya ba ta hayaƙi, ba ta da surutu. Ni dai ban hura ba, ban fifita ba. In wuta ta ƙi mutuwa, wannan tsakaninta da Mahaliccinta ne. Malam Filibus, mai bisharar da ke zuwa mana daga ƙetare, a gidana yake cin abinci bayan sujada, bai kuma taɓa tambaya ba. Yaro ne mai tarbiyya.

Asabar da ta wuce, na ajiye wa Malam tuwo da miyar kuka ke nan, sai na ɗaga kai na ga hayaƙi ya turnuƙe bayan gidan Kezaya, maƙwabciyata. Ba ɗan siririn hayaƙin mai kunya ba, hayaƙi na ƙin ji. Na tsaya a bakin danga na ƙwala mata kira. Ta shigo tana share hannu da zani, ƙaurin kifi na biye da ita.

Na ce, "Malam, ga ta nan. Bandar kifi take yi ranar Ubangiji, ido na ganin ido. A kai ta baya."

Malam ya gutsuri tuwo, ya tsoma a miya, ya busa, ya sake busawa. Ya ce, "Mama Kezaya, gaskiya ne?"

Ta ce, "Gaskiya ne, Malam. Jiya da yamma yarana suka kamo giwan ruwa, ƙaton gaske, rana ta faɗi kafin mu gama gyarawa. In na bar shi zuwa gobe, ko ungulu sai ta yi mini Allah ya isa. Amma ka ci a hankali, na ga miyar Yaya Rifkatu tana neman ƙona maka harshe."

Malam ya dubi akushi. Ni ma na duba. Tururi na tashi abinsa, ko kunya babu.

Na gyara ɗaurin zani na ce, "Ke Kezaya, kada ki haɗa kanki da ni. Tawa wutar ta Juma'a ce. Tun kafin rana ta faɗi take nan, kwana kawai ta yi."

Ta ce, "Ai na sani, Yaya. Duk tsibirin nan wa bai sani ba? Shi ya sa da kika tafi buga ƙararrawa da safe, na shigo da kasko na ɗebi garwashi a murhunki. Ashana ko ɗaya ban ƙyasta ba. Tawa 'yar taki ce."

Lomar ta tsaya wa Malam tsakanin akushi da baki.

Kezaya ta ɗan russuna, ta ce, "To Malam, yanke mana. In 'ya ta koma bencin baya, uwar a ina za ta zauna, cikin awaki?"