Ranar Da Koci Ya Ɗaura Zane

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar ta cikin damina, ranar da mutanen unguwarmu, waɗanda nake ɗinka wa kayan Sallah da na Kirsimeti, suka biyo ni da gudu a cikin garin Kafanchan suna neman fasa mini kai. Abin haushin shi ne, duk wanda na ba wa labarin nan, maimakon ya yi mini jaje, sai ya riƙe ciki yana dariya. To ku ma ga shi, ku yi taku.

Ni tela ne, shagona yana bakin kasuwa. Ban taɓa buga ƙwallon kirki ba a rayuwata (ko a firamare, ni ake bar wa gadin riguna da takalma). Amma baki kam, Allah Ya ba ni. In na shiga gidan kallon ƙwallo, babu kocin Turai da ba na gyara masa kuskure.

A shekarar, wani kansila ya sa kofi tsakanin unguwanni da garuruwan kewaye. Ƙungiyar unguwarmu ta shiga, aka kawo mini ɗinkin rigunan 'yan wasa. Mai horar da su shi ne Malam Bulus, tsohon malamin motsa jiki, mutum mai sanyin hali wanda ko an ci ko an sha kashi fuskarsa ɗaya ce. Da yadi ya yi saura, sai na ɗinka masa jaket ja mai kyau, na kai aka buga KOCI da manyan haruffa farare a baya. Ya gwada, zif ya ƙi hawa tumbinsa. Ya miƙo mini ya ce, "Tela, riƙe abinka, ni rigata ya ishe ni."

Na koma shago na gwada a gaban madubi. Jama'a, kamar don ni aka yanka ta!

Wasan farko na sa ta na je, da niyyar in duba ko ɗinkin rigunan zai jure ja-in-ja. Mai tsaron ƙofa ya ga bayana, ya buɗe mini hanya har da sarawa. Na wuce kai tsaye na zauna a bencin 'yan wasa. Malam Bulus ya dube ni, ya mai da idonsa kan fili. Kafin a tafi hutun rabin lokaci na miƙe tsaye. Kafin a tashi wasa ina bakin layi ina kai da komo, ina ɗaga hannu, ina ihu, "Ku buɗe! Ku matse!" (Har yau ban san yadda ake buɗewa kuma a matse a lokaci ɗaya ba.) Muka ci. Wasa na gaba ma muka ci, har muka je Fadan Kagoma muka doke su a gidansu.

Daga nan gari ya ɗauka. 'Yan acaba su wuce shagona suna danna hon, "Koci! Koci!" Abokina Sani Mai Nama, wanda shi ne makaɗin magoya bayanmu, ya fara ƙara mini tsire kyauta. Da dare ya yi kusa, a teburin mai shayi, ni ke bayani. Malam Bulus? Ai dattijo ne, muna girmama shi, amma dabarun zamani sai mu. Da aka yabi golanmu Danjuma, wani dogon yaro manomin citta, sai na bugi ƙirji na ce, "Ni na gano shi. Ni na ce lallai a sa shi a raga." Alhali ban san sunansa ba sai ranar da na auna kafaɗarsa.

Sai ga wasan kusa da na ƙarshe, mu da 'yan Madakiya, a filin wata makarantar firamare da ke unguwarmu. Ranar kasuwa ta watse da wuri. Filin ya cika maƙil, wasu a kan katanga, wasu a kan mangwaro, wasu a kan rufin ajujuwa. An yi ruwa da safe, jar ƙasa ta yi santsi. Masu rake da masu dafaffiyar gyaɗa da masu kunu suna ta ciniki. Sani ya saki ganga, matasa suna tsalle, ƙasa tana girgiza. Da na shigo cikin jar jaket ɗina, har da usur a wuya, fili ya ɗauki ihu. Na ɗaga musu hannu kamar gwamna.

Ba a daɗe da farawa ba wani ɗan Madakiya ya buga wata ƙwallo mai sanyi, irin wadda ko kaza za ta tare. Danjuma ya durƙusa zai ɗauka, ta sulale ta tsakanin ƙafafunsa. Ta shige raga, mutane suka dafe kai. Na yi ihu, "Ba komai! Dabara ce!" Kafin mu farfaɗo, Danjuma ya fito zai kama wata, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a taɓo yana kallo ta shige. Bayan hutu muka samu fenariti, kyaftin ɗinmu ya ɗaga ta sama, ta faɗa gonar masarar da ke bayan makaranta. Sai kuma ta uku ta shiga ragarmu.

A nan na ji kiɗan Sani ya canza. Waƙar yabo ta koma, "An sayar! An sayar!" Ledar fiya wata ta fara sauka a fili, sai ɓawon rake, sai ɓawon lemo. 'Yan Madakiya ba wanda ya kula su, suna gefe suna rawarsu. Namu ake jifa. Mutanen da suka ɗauki Danjuma a kafaɗa makon jiya su ne suke zagin uwarsa da ubansa. Wani ya tsallaka igiya, goma suka bi shi, sai fili ya rikice gaba ɗaya. Rafali ya jefar da usur ya haye bayan wani ɗan acaba. Na ga dutse ya samu wani ɗan wasanmu a goshi, jini ya wanke masa fuska. Wasa ya zama ba wasa ba.

Malam Bulus, mutumin da nake cewa ya tsufa, cikin ƙiftawar ido ya tattara yaransa kamar kaza da 'ya'yanta, ya tura su wani aji ya danna sakata. Ni kuwa ina can bakin layi, har lokacin ina hura usur ina cewa a kwantar da hankali.

Sai wata murya ta tashi, "Wa ma ya sa Danjuma a raga?"

Wani ya amsa, "Koci ne! Da bakinsa ya faɗa a wurin mai shayi!"

"Ga shi can mai jar riga!"

Na waiwaya in ga kocin da ake nufi. Ba kowa a bayana sai rubutun da na biya aka buga da kaina.

Na ruga ajin na buga ƙofa, "Malam Bulus, buɗe, ni ne!" Hayaniya ta hana su ji, ko kuwa sun ji, Allah ne masani. Ledar kunu ta fashe a ƙeyata. Ban san ina da gudu ba sai ranar. Na tsallake katangar da ko a mafarki ban isa in hau ba, taɓo ya riƙe takalmina ɗaya na bar masa. Na yi ƙoƙarin cire jaket ɗin ina gudu, zif ya cije. (Zif ɗin arha na sa. Wannan ma laifina ne.) Ina gudu ina ihu, "Ni tela ne! Wallahi tela ne!" Su kuma suna bayana, "Koci, tsaya mu yi magana!" Magana da sanduna a hannu.

Duk wanda ya san garinmu ya san gudu ba abin wasa ba ne a cikinsa, don mun sha rikici a baya. Mutane na ganin taro a guje, sai aka fara jan ƙofofin shaguna, mata suna kwashe yara, wata mai awara ta bar kaskonta a wuta. Na ji wani yana waya yana cewa, "Kada ku fito, an fara!" A nan na gane abin zai iya wuce ƙwallo.

Na sha kwana, na ga wata ƙaramar majami'a ƙofa a buɗe, ana waƙa a ciki. Ban yi shawara da kowa ba na faɗa. Kuma don ruɗewa, da ƙarfi na ce, "Salamu alaikum!"

Waƙa ta tsaya. Matan zumunta ne suke gwajin waƙa, da tulunansu na kiɗa da kacau-kacau. Wata tsohuwa ta amsa, "Alaikum salam," cikin mamaki. Na ɗaga kai, sai idona cikin na Mama Asabe, shugabarsu.

A nan sai in gaya muku abin da ya sa na gwammace sandunan waje. Mama Asabe ta kawo mini ɗinkin anko na matan nan gaba ɗaya, na babban taron da za su je. Ƙwallo ta ɗauke mini hankali ban taɓa ko ɗaya ba. Da safiyar ranar ta kira ni, na maƙale murya na ce ina Jos wajen jinyar kawuna.

Ta dube ni daga kai, inda kunu ke ɗiga, har ƙafata marar takalmi. Ta ce, "Tela. Yaya Jos? Yaya jikin kawu?"

Na ce, "Mama, za su kashe ni."

Ta ji hayaniyar tana matsowa. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce, "Rifkatu, kawo zane. Saratu, ba shi ɗankwali." Kafin in ce wani abu an naɗe ni tun daga ƙirji, an rufe jar jaket da mayafi, an ɗaura mini ɗankwali, an zaunar da ni a layin baya an ɗora mini tulu a cinya. Ta ce, "Sunkuya. Buga. In ka ɓata mana kiɗa, ni da kaina zan miƙa ka." Ta ɗaga waƙa, mata suka amsa, ni ma na shiga bugu.

Matasa suka iso ƙofa suna haki, Sani Mai Nama a gaba da gangarsa. Mama Asabe ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Lafiya? Nan gidan Ubangiji ne."

Wani ya ce, "Mama, koci muke nema, ya sayar da wasa."

Ta leƙa cikinsu ta hango jikanta da sanda. "Yohanna! Kai ma? Ajiye wannan abu kafin in zo wurin! Ku ba ku da kunya? Saboda bal za ku tada gari? Kun san mutum nawa ya rufe shago yanzu yana kuka? Yaran da kuka jefa, ba 'yan'uwanku ba ne? Gobe ba tare za ku je gona ba?"

Sanduna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Na ji sanyi a raina, na ce na tsira. Kuma don jin daɗi, sai na ɗan ɗaga kai in ga ko sun tafi.

Sani ya ƙura mini ido. Ya karkata kai. Ya ce, "Mama, don Allah tambaya ɗaya. Waccan baiwar Allah ta layin baya, yaushe ta fara gemu?"

Kowa ya juyo yana kallona. Sai Rifkatu ta fashe da dariya, matan suka ɗauka, matasa suka ɗauka. Sani ya zauna a ƙasa yana dukan ganga yana hawaye. Wayoyi suka fito, kowa yana ɗauka. Mama Asabe ta ce, "Tashi ka gaya musu ko kai wane ne."

Na miƙe, zane a ƙirji, tulu a hannu, na ce, "Jama'a, ni ba koci ba ne. Ban taɓa zama koci ba. Ban sa Danjuma a raga ba, wuyan rigarsa kawai na sa. Ni tela ne."

Mama ta ce, "Telan ma yana Jos."

Dariyar da aka yi a nan ta fi ta farko. A haka fushi ya narke, kowa ya kama hanyar gida yana ba da labari, waɗanda suka rufe shaguna suka buɗe da suka ji abin da ya faru. Malam Bulus ya fito da yaransa lafiya, ya kai mai rauni kemis aka ɗinke masa goshi. Ni kuma Yohanna ne ya kai ni gida a babur, da silifas ɗin kakarsa a ƙafata.

Matata ta riga ta gani a waya kafin in iso. Ta buɗe ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. In kawo ruwa ko in kawo janbaki?"

Washegari na je gidan su Danjuma. Na same shi a bayan gida yana zaune shi kaɗai, idonsa ja, ya ce ba zai sake taɓa ƙwallo ba. Sai na ciro waya na nuna masa bidiyona cikin zane. Ya kalla, ya sake kalla, ya yi dariya har ya shaƙe. Bayan mako biyu ya koma atisaye, kuma waɗanda suka zage shi su ne suka fara tafa masa.

Anko kuwa, matan zumunta suka raba wa kansu aiki. Kullum biyu za su zo su zauna a bencin shagona tun safe, suna ɓare gyaɗa suna kallona, ko fitsari zan je sai na nemi izini. Ban taɓa gama ɗinki da sauri irin wannan ba, kuma ban karɓi ko sisi na aikin hannu ba.

Har yanzu ina zuwa kallon ƙwallo, amma can baya nake tsayawa kusa da ƙofa, cikin farar riga marar rubutu, bakina a rufe. Abin da na koya shi ne, in ana rabon yabon da ba naka ba kada ka miƙa hannu, don ranar rabon duka da sunanka za a fara. Kuma in har sai ka yi wa kwastoma ƙaryar tafiya, to ka fara bincika inda take zuwa gwajin waƙa.