Tekun da Na Haɗa a Kufena

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na kai 'ya'yana bakin teku ba, a nan Zariya.

Marigayiya matata a Ikko ta girma. Takan ba Hauwa da Sadiku labarin ramukan duwatsun bakin teku, inda ruwa kan janye ya bar ƙaguwa da farin wuri irin na ado. Ta ce in ta warke za ta kai su. Ba ta warke ba. Gwangwanin wurin da ta tsinto a can yana nan a ƙasan akwati.

Wata huɗu Sadiku, mai shekara biyar, yana tambaya, "Baba, yaushe za mu je?" Ni kuwa ban taɓa wuce Kaduna ba. Sai dabara ta zo mini (da ma ba ta zo ba). Damina ce, ruwa ya kwanta a ramukan dutsen Kufena. Na ɗauke su a babur, na zaunar da su a inuwa, na hau ni kaɗai da gwangwanin da ƙullin gishiri. Ai ta ce ruwan teku gishiri gare shi.

Ina durƙushe ina jera wuri a ruwa, ina barbaɗa gishiri, ina ambaton sunanta a hankali, sai na ji, "Innalillahi! Malam, kai ne?"

Alhaji Bala ne, maƙwabcinmu a Kwarbai, ya zo duba gonarsa. Mutumin da ke bina salla duk ranar da liman ba ya nan.

"Wuri da gishiri a kan Kufena? Tsafi, Malam? Me ka rasa a duniya?"

In ce masa teku nake haɗawa?

Hayaniyar ta jawo yaran. Sadiku ya tsoma hannu, ya lasa, ya tofar. Hauwa, mai shekara takwas, ta daɗe tana kallon ruwan.

"Baba, ai na Mama ne. Ga mai tsagar nan."

Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta goge da hijabinta, ta mayar gwangwani. "Kada su ɓace," in ji ta.

Alhaji bai tsaya jin bayani ba. Tun ranar, in liman ba ya nan, wani ake turawa gaba.

A hanyar gida Sadiku ya taɓa bayana. "Baba, to yaushe za mu je na gasken?"

Na koyi wannan dai: ƙullin gishiri ba ya zama teku, ni ma ba na zama Mama. Gwangwanin yanzu a wajen Hauwa yake, ba ta ba ni.