Yadda Za Ka Tsare Suwic Har Kai Ma Ka Kasa Shiga

Ɗan'uwa, idan an damƙa maka rezon wani biro, wato hanyar da ke haɗa na'urorin ofis, kuma kana so a riƙa gaishe ka da hannu biyu, zauna ka karanta. Hanyar nan tabbas ce. An gwada ta a nan Dakoro, kuma wanda ya gwada ta yana nan da ransa. Sunansa Mamani, shi ke kula da ordinatoci, wato kwamfutocin wata ƙungiyar makiyaya da ke bayan kasuwar dabbobi. Mu ƴan anformatik na garin nan ba mu da yawa, saboda haka abin da ɗayanmu ya aikata, dukanmu muka aikata.

1. Ka fara tsorata mutane

Suwic dai akwati ne mai ƙofofi a jere, inda wayoyin dukan ordinatocin biro ke haɗuwa. A cikinsa akwai manhajar da ke tafiyar da shi, ita ke cewa wane ya shiga, wane ya tsaya waje. Kada ka kuskura ka bayyana shi da sauƙi haka. Ranar da aka gane aikinka, ranar za a fara aiken ka sayen shayi.

Mamani ya dawo daga horo a Yamai, ya tsaya gaban shugabar biron, Madam Kadija, ya ɗaure fuska.

"Madam, rezon nan namu a buɗe yake, kamar garke babu shinge. Wani shina iya zama wata ƙasa ya shigo mamu."

"Ya ɗauki mi?"

"Komi, Madam."

Ta dube shi, ta ce, "To, ka gyara. Amma ka bari sai an gama taron gobe."

2. Ka zaɓi rana mafi muni

Idan shugaba ta ce ka bari sai bayan taro, nufinta ka yi da safen taron, don baƙi su ga ƙwazonka. Haka Mamani ya fassara.

Taron kuwa ba na wasa ba ne. Damina ta yi gardama a arewa, ciyawa ta ƙare da wuri, shanu sun fara kwanciya ba su tashi. Masu ba da taimako a Yamai za su saurari wakilan makiyaya ta bidiyo, su yanke inda za a fara kai abincin dabbobi. Daga Azagor wani dattijo mai suna Hamid ya taso, ya bar garkensa hannun ƴaƴansa, ya ce bakinsa ne zai faɗi abin da idonsa ya gani.

3. Ka rufe ƙofofi da ƙarfin zuciya

Ƙa'idar tsaro ita ce a rufe duk ƙofar da ba a amfani da ita. Ka buɗe baƙin allon nan mai fararen haruffa, ka juya shi yadda masu wucewa za su gani, ka buga da ƙarfi. Kada ka tashi ka duba lambobin da ke jikin akwatin. Gwani ba ya duƙawa.

Mamani bai duƙa ba. Ya ƙirga ƙofofin daga dama maimakon hagu, ya rufe waɗanda ake aiki da su, ya bar na banza a buɗe. Ta ƙarshe da ya rufe ita ce wadda ordinatansa ke ciki. Allon ya tsaya cak. Fitilun suwic suka mutu ɗaya bayan ɗaya.

Ka lura: a wannan lokacin babu rezon da ya kai nasu tsaro a duk jihar Maraɗi.

4. Ka tuna inda ka bar shuɗiyar waya

Kowane irin suwic ɗin nan yana zuwa da wata shuɗiyar waya ta musamman, wadda ake shiga da ita ta baya idan ƙofofin gaba sun rufe. Mu masana muna girmama ta ƙwarai. Mamani ya zazzage jakarsa, ya kwashe durowa, sannan ya tuna. Da ita ya ɗaure buhun gero a bayan moto ranar da ya kai wa gwaggonsa ziyara a Roumbou, can ya bar ta.

5. Ka ɗora laifi a kan wanda ba ya nan

Madam ta leƙo. "Mamani, bidiyo ba ta buɗewa."

"Daga Yamai ne, Madam. Ko kuma zafin rana. Ina bisa kai."

Ta fita waje tana ɗaga salularta sama ko za ta kama, amma rezon salula ya kasa buɗe bidiyo. Sai ga Hamid ya shigo ɗan ɗakin suwic, ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa, ya gyara rawaninsa.

"Ɗana, kai ne mai akwatin?"

"Ni ne, Baba."

"Ban san aikinka ba, ba ni koya maka. Amma saniyar da ta shayar da jikokina, jiya da hannu munka tashe ta. In mutanen nan ba su ji mu yau ba, wani wuri za su kai dussar. Ka yi abin da kake iyawa."

A nan littattafanmu ba su ce komi ba. Mamani ya so a ce zaginsa dattijon ya yi. Ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya ce shi ya rufe hanyar da hannunsa.

6. Ka dogara ga sakacinka

Sai kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke.

Fanka ta tsaya, suwic ya mutu gaba ɗaya, domin batirin ajiyarsa ya daɗe da lalacewa, Mamani yana ta cewa zai sauya. Aka tada gurup, injin ba da wuta. Akwatin suwic ya yi ƙugi, ya ɗauki lokacinsa, sai fitilu suka kama kore, jere guda.

Ga sirrin. Manhajar suwic ba ta riƙe sabon umarni sai ka ce mata ta adana. In ba ka ce ba, da wuta ta ɗauke ta manta, ta koma yadda take jiya. Wannan ne darasin farko a horon Yamai, kuma Mamani yana waje yana amsa waya lokacin da aka koyar da shi.

Daga zauren taro aka ji muryar wata mata tana cewa, "Dakoro, kuna jin mu?"

7. Ka karɓi yabo da tawali'u

Hamid ya yi magana a tsaye, bai ɗaga murya ba, ya faɗi rijiyoyin da suka ƙafe da garkunan da suka ragu. Aka sa Azagor cikin wuraren farko. Da zai tafi ya kama hannun Mamani da hannu biyu, ya sa masa albarka, ya ce yana kallo yaron nan ya buɗe baki kawai akwatin ya tashi.

Madam Kadija ta jira kowa ya watse.

"An tsare rezon?"

"Saura kaɗan, Madam."

"Asabar za ka yi shi, biro babu kowa. Kuma ina zaune kusa da kai."

Ya je Roumbou ya karɓo wayar, bayan gwaggo ta kwance ta daga ƙafar akuya. Ran Asabar ya duƙa, ya karanta lambobin ɗaya ɗaya, ya rufe abin rufewa, ya adana.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin korarka daga aiki, ko fushin shugaba, ko ramar saniyar kowa. In ka bi matakan nan ka ci nasara, ni na koya maka. In ka kulle kanka a waje, ban san ka ba. Kuma in a garinku kuran ba ya ɗaukewa, don Allah kada ka gwada, babu mai cetonka.