Kaka Ba Ta Tofar da Giyar Mutane

"Lafiya lau, Don Anselmo, sai dai ciwon kai, ga shi nan tsaye a bayana da taye a wuya."

Ciwon kan shi ne Wilfrido, yayana. Mai maganar kuwa kakarmu ce, Doña Eufrasia, mai gidan abinci a bakin hanyar Monte Cristi, inda direbobi ke tsayawa cin naman akuya. Wilfrido ya dawo daga Mendoza ta ƙasar Ajantina da ilimin giyar inabi, wani babban otal a Punta Cana kuma yana jiran amsarsa ran Litinin. Ya ce in Kaka ta yarda giyar inabi ta hau teburanta zai zauna, in ta ƙi ya tafi. Kaka ta ce sai ta ɗanɗana. Abin da ya kawo mu Santiago ke nan, wurin Don Anselmo mai shigo da giya daga ƙasashen waje. Ni ce direba, don haka aka ba ni kujera da ruwan sanyi a gefe.

"Ka yi haƙuri da tsohuwar nan, Don Anselmo," in ji Wilfrido. "Harshenta ya mutu tun kafin a haifi babana. Barkono ya kashe shi."

"Mataccen harshen ne ya ciyar da kai har ka yi wuyan ɗaura taye, ɗan nema."

Don Anselmo ya buɗe wata farar giya ta Chile, ya ɗan tsiyaya musu. Kaka ta karkata kofinta, ta ɗiga a kan farin daɓen mutumin.

"Kaka! Me kika yi?"

"Rabon Leoncio ne. Ana buɗe kwalba a manta da mamata?" Leoncio mijinta ne, marigayi.

"Wannan ai da giyar rake ake yi, a tsakar gida. Nan ofis ne."

"Shi Leoncio ya san ofis? Inda nake, nan yake."

Wilfrido ya juya kofinsa, ya cusa hanci ciki, ya kurɓa, ya kurkure baki, ya tofar a bokitin da aka ajiye musu. Kaka ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Bawan Allah ya ba ka abu da hannunsa, ka tofar a gabansa? Don Anselmo, ba jininmu ba ne. A tasha muka tsince shi."

"Haka ake yi, Doña," in ji Don Anselmo. "Kwalaben suna da yawa."

"A gidanku ake yi. Ni abin da aka ba ni, ciki yake tafiya." Ta shanye, ta yatsine fuska. "Ruwan da aka ɗauraye lemun tsami."

"Akwai ƙamshin tuffa a ciki, da na jiƙaƙƙen dutse," in ji Wilfrido.

"Dutse? Ashe dutse ka je lasa a ƙasar mutane? Da ka faɗa, ai ga su nan birjik a bakin hanya."

Aka buɗe wata ja ta Ajantina. Wilfrido ya ce wannan don naman akuyarta aka halicce ta.

"Ina ƙanƙara?"

"Ba a sa mata ƙanƙara."

"A zafin Monte Cristi? Ta ɗaure mini harshe kamar ɗanyar ayaba. Akuyata ba ta yi maka laifin komai ba."

Haka aka yi ta tafiya. Kowace kwalba, ɗigo a ƙasa, saura a ciki. Don Anselmo ya riƙa jan ƙafarsa baya a hankali, don daɓen ya fara danƙo.

"Kaka, so kike Leoncio ya tashi ya kama rawa a maƙabarta?"

"Da ransa ma bai iya ba, sai taka mini ƙafa. Kai ka gado shi."

Daga inda nake zaune na lura giyar Don Anselmo tana ƙara kyau da tafiyar rana. Ta Italiya, Kaka ta ce ba laifi. Ta Sifen, ta ce daga gani 'yar gidan mutunci ce. Kafin a kai ta Fotugal ta cire takalmi, tana kiran Don Anselmo ɗana.

"To, amarya," in ji Wilfrido, "wacce kika zaɓa?"

"Babu."

"Ko ɗaya?"

"Ko rabi. Direbobina sanyi suke nema, ba ƙamshin dutse ba. Je ka otal ɗinka ka sunsuna wa Turawa kofi."

Wilfrido ya ajiye kofinsa. Ya sassauta taye.

"Shi ke nan. Litinin sai in kira su."

"Kira su mana! Wa ya riƙe ka? Ubanka ya tafi Amurka, na riƙe shi? Gwaggonka ta tafi Madrid, na riƙe ta? Sai in je in tashe ka da safe in ga gado a gyare, in zuba abinci kwano ɗaya, in zauna ni da rediyo muna..." Ta tsaya. Ta harari kofin da ke hannunta. "Don Anselmo, me ka zuba a abin nan? Ba ni na faɗi maganar nan ba."

Don Anselmo ya duƙufa goge kwalbar da ba ta da ƙura. Ni ma na sami abin kallo a cikin ruwana.

"Da kin tofar, tsohuwa," in ji Wilfrido a hankali, "da ba mu ji ba."

"Rufe mini baki."

"Ki ce ba kya iya rayuwa ba ni, a wuce wurin."

"Kamar yadda ba na iya rayuwa ba ciwon gwiwa."

"To wacce za a ɗauka?"

Kaka ta dubi jerin kwalaben, ta daɗe. "Duk sun haɗu a wuri ɗaya suna gaisawa, ban san wace ce wace ba. Zaɓa, tunda kai ne mai hanci."

Ya zaɓi jar Ajantina da wata fara ta Fotugal. Don Anselmo ya yi gyaran murya, ya ce magana ɗaya ce ta rage: zafi yana lalata giyar nan, sai an sa ta ɗaki mai sanyi. Mu duka mun san ɗakin ajiyarmu jikin murhu yake. Ɗaki ɗaya ne a gidan ke da na'urar sanyi, na Kaka.

Wilfrido ya ɗaga kai yana kallon rufi kamar bai san da zancen ba. Kaka ta kalle shi, ta kwashe da dariya har da hawaye.

"Ka ga makirci? Ɗauki ɗakin, ɓarawo, ni na saba da zafi tun kafin a ƙirƙiro sanyi. Amma in na ji kwalba ɗaya ta yi minshari, waje za ku kwana kai da ita."