Nomau Mai Tsaron Titi

A Rafin Kanya, ƙauyen da babban titi ya raba biyu, akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Shi da tsohuwarsa Iya Kande suke zaune, sai jaki ɗaya mai taurin kai. Nomau ba ya ƙarya, ba ya musu, kuma yadda ka faɗi magana haka zai aikata ta.

Direbobi sun addabi garin da tuƙin ganganci. Awaki sun ƙare, har mai ƙosai an karya wa ƙafa. Da aka kafa dokar hana gudu, aka turo jami'i, Malam Jatau, ya nemi mataimaki. Kowa ya noƙe, Nomau ya ɗaga hannu.

Wata rana Malam Jatau zai tafi masallaci, ya ce, "Nomau, ka sa ido a kan titin nan." Nomau ya kwanta rub da ciki, ya manna idonsa da kwalta. Motoci suka yi cirko-cirko, mata suna salati, an ɗauka gawa ce. Da aka zo ɗaga shi ya ce, "Ku dakata, saura na hagu."

Wata rana kuma Malam Jatau ya ce, "Duk motar da ta saɓa doka, ka ɗauko min lambarta." Da la'asar sai ga Nomau da buhu yana ƙaraurau, ya zazzage farantan lamba a gabansa.

Malam Jatau ya ce, "Wannan ai ta motata ce!"

"Yallaɓai, kai ma jiya na ga ka taka wuta."

Wata rana aka kama wani direban tirela, ƙato, ya wuce wata mota a kan kwana. Malam Jatau ya ce, "Laifin farko ne, ja masa kunne ya tafi." Nomau ya hau kan benci ya kama kunnen da hannu biyu. Sai da mutum huɗu suka ɓamɓare shi. Ya koma gida da kumburarren baki, Iya Kande tana gasa masa tana cewa, "Ɗan nan, ka bar aikin nan tun da sauran haƙora."

Wata rana, ranar kasuwa, Malam Jatau ya gaji ya ce, "Direbobin nan zafin kai ke damunsu. Da za a samu mai sanyaya musu, da mun huta." Nomau ya sulale gida, ya cika bokiti da ruwan randa, ya tsaya bakin wani rami inda dole mota ta lafa. Sai ga Ɗan'azumi, direban bas da ya fi kowa gudu, ya ciko fasinja maƙil. Yana rage gudu, Nomau ya sheƙa masa ruwan ta taga.

Ɗan'azumi ya taka birki, ya diro da bulala. Fasinjoji suka sauko rabon faɗa. Ana cikin haka aka ji ƙaras! Tayar gaba, wadda ashe noti ɗaya ya rage mata, ta fice da kanta, bas ta durƙusa kamar raƙumi. Gaba kaɗan kuwa gangaren gada ne.

Bulala ta faɗi daga hannun Ɗan'azumi, ya zauna a ƙasa jiƙe sharkaf yana hamdala.

Nomau kuwa ya bi tayar da gudu, sauran ruwa a bokiti, yana cewa, "Tsaya! Ke ma zafin kan ne!"