Yaƙin Gwangwanin Dambu

Da sunan Allah muke farawa, Mai tsare matafiya a hawa da gangara. Bayan haka, wannan tarihi ne na sadauki ɗan sadaukai, Malam Zubairu tela, ɗan Malam Jibo mai ɗinkin hula, ɗan Tanimu wanda ya fara kawo keken ɗinki unguwarsu a birnin Zariya har jama'a suka yi kwana uku suna zuwa kallo, ɗan Gambo wanda marubuta ba su riƙe komai game da shi ba sai tsawonsa. Zuriya ce ta ma'abota allura da zare, waɗanda ba su taɓa juya wa yadi baya ba komai kaurinsa. Almakashi raba yadi da ɗan'uwansa! Na Kulu, mai ɗinke ɓarakar da ta gagari maza! Gwarzon da ba ya tsoron komai a doron ƙasa sai kare, da tsawa, da direban tanka, da duk ruwan da ya wuce idon sawu!

Sababin wannan yaƙi kuwa shi ne 'yarsa ta fari, Murjanatu, mai sunan mahaifiyarsa, wadda don haka ba ya kiranta sai Uwata. Allah Ya ba ta gurbi a wata makarantar koyon aikin jinya a Gombe, bayan ta nema shekara biyu ba ta samu ba. Takardar da aka aiko ta faɗi magana ɗaya tak: ta bayyana da kanta ranar Litinin kafin ƙarfe huɗu na yamma, in ba haka ba a ba wata gurbin. Yarinyar kuma ta roƙi mahaifinta alfarma guda, cewa tun da hanya ta bi ta can, a tsaya ta ga duwatsu da gandun namun daji na ƙasar Bauchi, waɗanda ba ta taɓa gani ba sai a littafin makaranta.

Kwana tara sadaukin ya yi yana kare ganuwarsa. Ya kawo hujjar zaki, ya kawo ta maciji, ya kawo ta gadojin da damina ke cinyewa, ya kawo labarin wani mutum da bai san sunansa ba wanda giwa ta zauna wa a kan mota. A rana ta goma Murja ta kawo masa shayi a shago, ta ajiye, ta tsaya tana kallon ƙasa. A nan ganuwa ta rushe.

Ranar Lahadi da hantsi, a tsakiyar watan Agusta, ƙasa kore shar, runduna ta fita daga Zariya cikin wata tsohuwar farar mota wadda ta ga gwamnatoci da yawa sun zo sun wuce. Amirul jaishi, wato shugaban runduna Malam Zubairu, na gaba riƙe da sitiyari da hannu biyu kamar mai riƙe da jariri. A gefensa uwargida Kulu, ma'ajiyar guzuri kuma mai ba da shawarar da ba a nema ba. A baya Murja, tsakanin akwatinta da katifa da bokiti. A ƙafar Kulu kuwa akwai babban gwangwanin madara mai murfi, cike taf da dambun naman da ta kwana biyu tana dakawa da soyawa, don 'yarta ta sami abin taɓawa a baƙon gari.

Suka keta Pambeguwa, suka ratsa Saminaka, suka fuskanci hawan Jos, inda duwatsu suka hau kan junansu kamar wani ne ya jera su da hannu ya tafi ya manta, inda kwazazzabai ke buɗe baki a gefen titi, ruwa na zubowa daga tsauni fari fat, gajimare na tafiya ƙasa-ƙasa har mutum ya ji kamar ya miƙa hannu ya yago. Duk wannan mulki na Ubangiji an shimfiɗa shi a gaban Malam Zubairu, shi kuwa bai ga komai ba sai bayan wata tirela.

"Baba, dubi wancan dutsen! Kamar zai faɗo!"

"Na gani, Uwata."

"Ba ka duba ba fa."

"In na duba, wa zai duba hanya? Zauna daidai, kar ki jingina da ƙofa."

Suka kwana a Bauchi gidan wani ɗan'uwan Kulu. Litinin da sassafe suka shiga gandun daji, bisa sharaɗin da amiru ya gindaya da babbar murya, cewa ƙarfe goma sha ɗaya za a juya, ko an ga giwa ko ba a gani ba, domin Gombe tafiyar awa uku ce ga mai hankali. Suka ga gwanki, suka ga mugun dawa da 'ya'yansa suna gudu da wutsiya a sama, giwa kuwa ba su ga komai nata ba sai kashinta a tsakiyar hanya, yana tururi. Malam Zubairu ya dube shi, ya auna girman mai shi a zuciyarsa, ya ɗaga gilashin mota.

Daga nan suka sauka ga wata maɓulɓula ta ruwan ɗumi da ke fitowa daga gindin dutse, garau har ana ganin yashin ƙasa. Murja ta roƙi mahaifinta ya sa ƙafa ko sau ɗaya. To a nan ne ƙaddara ta shigo ta ƙofar hikima. Domin Malam Zubairu tela ne, ya ɗinka aljihu ya fi dubu goma, ya san sirrin aljihu ciki da waje, saboda haka bai yarda da aljihu ba ko kaɗan. Ya san inda zare ke saki, ya san inda hannun ɓarawo ke shiga. Makullin motar kuma guda ɗaya ne a duniya. Sai ya tuna da dabarar gidansu tun kaka da kakanni, cewa abu mai daraja a cikin abinci ake ɓoye shi, don ɓarawo yakan lalubi jaka da riga amma ba ya tona tuwo. Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu, ya buɗe gwangwanin dambu, ya cusa makullin can ƙasa, ya danne murfi, ya ajiye a kan tabarma, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa, ya shiga ruwa da ƙafa ɗaya.

Duk ɓarayin Zariya da na Bauchi da wannan makida ta yi nasara a kansu. Amma ba a shirya ta don mazauna dawa ba.

Sai ga shi ya fito daga cikin ciyawa, gwaggon biri, ƙaton namiji mai furfura a kafaɗa, jan gindi baƙin hanci, shugaban rundunar da ta shekara da shekaru tana karɓar haraji daga hannun baƙi. Bai yi gudu ba, bai yi sanɗa ba. Ya tako kamar mai gida ya dawo daga kasuwa, ya wuce buta, ya wuce takalma, ya ɗauki gwangwanin ya rungume a hammata, ya haye wani maɗaci da ke bakin kwazazzabo, ya zauna a reshen da ya miƙa kan rami.

"Wayyo dambun Murja!" in ji Kulu.

"Ba dambu ba ne!" Muryar amiru ta fita siririya. "Makulli na ciki!"

"Makullin me, Malam?"

"Na mota."

Kulu ta dube shi sama da ƙasa. "A cikin dambu. Kai da aljihu huɗu a jikinka."

Murja ta dubi agogon wayarta. Goma sha ɗaya saura kwata. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi magana ba, ta dai zauna a kan tabarma ta rungume jakar takardunta. Wannan shirun ne ya zama gangar yaƙi.

Sadauki ya yi ɗamara. Ya ɗauki baƙar laimarsa a dama a matsayin mashi, murfin tukunya a hagu a matsayin garkuwa, tef ɗin awo na rataye a wuyansa don ko Makka zai je ba ya barinsa, ƙafar wando ɗaya a naɗe ɗaya a sake, ya fuskanci maɗaci yana taku irin na mazan jiya, ƙasa na amsawa, tsuntsaye na watsewa, ya ɗaga laima sama ya yi ruri: "Kai! Sauke! Na ce sauke, ɗan banza!" Gwaggon biri ya dube shi daga sama, ya yi hamma. A cikin hammar nan aka ga fiƙoƙi guda huɗu, kowanne ya kai tsawon almakashin yankan yadi. Masana yaƙi sun yi ittifaƙi cewa ja da baya wani reshe ne na jarumta, kuma Malam Zubairu ya nuna ƙwarewa a wannan reshe har ya bar takalmi ɗaya a fagen fama.

Da ƙarfi ya ƙi, aka koma ga sulhu. Aka fito da ayaba nono guda, da biredi, da ragowar ƙosai, aka jera a gindin itace, amiru ya tsaya daga nesa yana jawabi cikin lalama, yana kiran abokin gabarsa ranka ya daɗe. Matan birin da 'ya'yansu suka sauko suka kwashe kayan sulhun gaba ɗaya, har da ledar. Shi kuwa babban ya sa haƙori ya ɓalle murfin gwangwani, ya ɗebi dambu, ya ɗanɗana, ya lumshe ido.

"Ko ba komai ya san daɗi," in ji Kulu.

Ana cikin haka wani dattijo mai gadin daji ya iso, cikin koren kaya, yana tafe yana sakace. Ya ji bayani, ya kaɗa kai.

"Ai Malam, ba a jayayya da wannan. Ku bar shi ya ƙoshi. Abin da ba ya ciwuwa yarwa yake yi."

"Ina zai yar?"

"To, nan ne maganar. In ya yar ta nan, kun tsira. In ya yar ta can," ya nuna kwazazzabo da tsinken sakacensa, "ruwa na gudu a ƙasa. Bara wani ya rasa tabarau."

Malam Zubairu ya leƙa ramin. Zurfinsa ya kai gaba uku, gefensa jar laka mai santsi, a ƙasa ruwan damina na tafiya ja wur, kuma kowa ya ga ruwan nan ya san ya wuce idon sawu. Ya waiwaya ya dubi 'yarsa da jakar takardunta. Sai ya ajiye garkuwa, ya yi bisimilla, ya juya baya, ya sauka.

Marubuta sun saɓa a kan yadda ya sauka. Wasu sun ce da ƙafa, waɗanda suka gani da ido sun ce da mazaunai. Abin da ba a yi saɓani a kai ba shi ne ya isa ƙasa, ya tsaya cikin ruwa har cinya daidai ƙarƙashin reshen, ya buɗe laima ya juya ta sama kamar ƙwarya, ya ɗaga ta bisa kansa da hannu biyu. A nan ya kafe. Sauro ya kawo masa hari ta gabas, ƙudan tsando ta yamma, wani abu mai sanyi ya shafi ƙaurinsa a cikin ruwa ya wuce, bai tambayi sunansa ba. Leɓɓansa na karanta duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. In biri ya matsa dama, ya matsa dama. In ya matsa hagu, ya bi shi. Rana ta take tsaka, kiran Kulu na zuwa daga sama yana ɓacewa cikin ƙarar ruwa, shi kuwa yana amsawa da kalma ɗaya: "Ba na motsi! Wallahi ba na motsi!"

Sai aka ji ƙara. Wani abu ya faɗo daga sama, ya daki laima, ya karya mata ƙarfe biyu, ya zauna a ciki. Gwangwani ne.

"Nasara!" Muryarsa ta cika kwazazzabo, duwatsu suka maimaita. "Uwata, nasara!"

Ya sauke laima, ya zura hannu. An lashe gwangwanin tas, har yana ƙyalli. Babu dambu, babu makulli.

Kan Kulu ya leƙo daga bakin rami. A hannunta wani abu na lilo.

"Malam, don Allah ka fito. Tun ɗazu ya yar da shi ta nan, kusa da ƙafata. Ya ɗan tauna ya ga ba nama ba ne. Ina ta kiranka kana cewa ba ka motsi."

"Tun yaushe?"

"An fi rabin awa."

Da igiyar ɗaure katifa aka jawo gwarzon da ya ci kwazazzabo da yaƙi zuwa tudu, mai gadi na ja, Kulu na ja, Murja na ja tana dariya har da hawaye. Ƙarfe goma sha biyu da rabi ya zauna a mazauninsa na amiru, jar laka tun daga ƙirji har ƙafa, makulli a hannunsa yana ƙamshin yaji da yawun biri. Ya sa shi a ramin kunna mota, ya riƙe. Ya dubi madubi, ya ga 'yarsa a baya tsakanin akwati da bokiti, tana gyara mayafi, fuskarta tuni ta kalli Gombe. Hannunsa ya tsaya.

"Malam, lokaci fa," in ji Kulu.

"Bari injin ya ɗan huce."

"Baba," in ji Murja a hankali, "motar tun safe a kashe take."

"Na sani, Uwata."

Ya goge ido da bayan hannu, ya ce yajin makullin nan ne ya shiga masa. Sannan ya murɗa.